Tsohuwar Maɗaba'ar Gwamnati: Bango Ake Gado Ko Aikin Da Aka Yi A Ciki?

Duk birnin da ya daɗe yana zaman mazaunin mulki, da wuya a rasa wani ƙaton gini a kusa da majalisa ko ofisoshin ministoci, yawanci na jan bulo, mai dogayen tagogi a jere da faffaɗar ƙofa ta baya inda motocin kaya ke shiga. Maɗaba'ar gwamnati ke nan. Ginin ba shi da kwarjinin fada, ba shi da alfarmar wurin ibada, baƙi masu yawon buɗe ido ma ba sa tsayawa ɗaukar hoto a gabansa. Shi ya sa ranar da aka kashe injina aka kwashe ma'aikata zuwa bayan gari, wanda ke fara zuwa duba wurin mai auna fili ne, masanin tarihi sai daga baya yake jin labari. Filin kuwa a tsakiyar birni yake, inda kowane taku kuɗi ne.

Daga nan sai ka-ce-na-ce ta tashi, kuma kusan salo ɗaya take ɗauka ko a wace ƙasa. Masu son a rushe su ce masana'anta ce da ta gama aikinta, gyaranta ya fi sabon gini tsada, birni kuma yana bukatar ofisoshi da gidaje. Masu son a bari su fito da shekarar da aka gina shi, da sunan wanda ya zana shi, da kwalliyar da ke saman ƙofa. Galibi sai a yi sulhu a tsakiya: a bar bangon da ke kallon titi, a yashe cikin, a sayar wa 'yan gwangwan injinan. Kowa ya watse yana ganin ya samu wani abu. Ni kuwa a ganina an bar jaki ne ana dukan taiki. Abin da ya sa wannan gini ya cancanci a tsaya a kansa shi ne aikin da aka yi a cikinsa, kuma a duk sassansa babu wanda ya fi bangon waje ƙarancin ba da labarin wannan aiki.

Wane aiki? A nan ne maganar hukuma take zama abin da za a iya kama mutum da shi. Shugaba yana iya sa hannu a kan doka a ofishinsa, amma a tsarin yawancin ƙasashe ba ta hawa kan jama'a sai an buga ta a jaridar gwamnati, wadda ake kira gazet. A Faransa ƙa'idar ita ce doka ta fara aiki washegarin ranar da aka wallafa ta, sai fa in ita kanta ta yanke wata rana. Gazet ɗin Landan tun 1665 yake fitowa, a shekarar da annoba ta kori fadar Sarki Charles na Biyu zuwa Oxford, inda aka buga fitowar farko. Amurkawa kuwa sai da suka ji a jikinsu. A farkon mulkin Shugaba Franklin Roosevelt ma'aikatu sun yi ta fitar da umarni da ƙa'idoji ba ƙaƙƙautawa, ba tare da wuri ɗaya da ake tattara su ba. A 1934, lokacin da shari'a kan ƙa'idojin haƙar man fetur ta kai gaban Kotun Ƙoli, sai ta bayyana cewa sashen da aka tuhumi mutane da karyawa an riga an cire shi bisa kuskure a wani gyara da aka yi can baya. Wato an gurfanar da mutane a kan dokar da babu ita. Wannan abin kunya yana cikin abin da ya haifar da dokar 1935 da ta kafa Federal Register, jaridar da ke ɗauke da ƙa'idojin gwamnatin tarayya, wadda ta fara fitowa ranar 14 ga Maris, 1936.

Idan aka fahimci haka, sai a gane dalilin da ya sa ginin yake zaune a inda yake. Maɗaba'ar gwamnatin Amurka ta fara aiki ranar 4 ga Maris, 1861, ranar da aka rantsar da Abraham Lincoln, da ma'aikata 350, a wata maɗaba'a da gwamnati ta saya daga hannun ɗan kasuwa a kan dala 135,000. Har yau tana nan a titin North Capitol a Washington, tafiyar ƙafa kaɗan daga majalisa. Tun 1873 ita ke buga rahoton zaman majalisa, kuma sharaɗin aikin shi ne abin da aka faɗa yau ya kasance a buge kafin 'yan majalisa su zauna gobe. A zamanin da babu intanet, sai ɗan aike ya ɗauko rubutu da dare ya ruga da shi, a jera haruffa, a duba, a buga, a ɗinke, a mayar kafin hantsi. Tazarar da ke tsakanin gine-ginen biyu ita kanta hujja ce ta yadda ake gudanar da mulki a lokacin. Shi ya sa ba a iya ɗauke darajar irin wannan wuri a kai ta wata unguwa.

Akwai kuma sirri. Takardun jarrabawa, takardun kaɗa ƙuri'a, fasfo, kan sarki, jawabin kasafin kuɗi, duk ma'aikacin maɗaba'a yana ganinsu kafin ministoci da yawa su gani. A Indiya, bayan da bayanan kasafin 1950 suka fita kafin lokaci, an mayar da buga shi maɗaba'ar titin Minto a Delhi, daga 1980 kuma aka koma ƙarƙashin ginin ma'aikatar kuɗi, inda ake kulle ma'aikatan kwana da kwanaki ba shiga ba fita har sai minista ya karanta kasafin a majalisa. Wanda ya shiga tsohuwar maɗaba'a da idon basira zai ga sawun wannan tsoro: ɗaki mai ƙofar ƙarfe, kejin waya a tsakiyar zaure, tagar da aka toshe, wurin ƙona takardun da suka lalace.

Amma mafi yawan abin da ya fita daga ƙofar baya ba shi da wani sirri ko armashi. Fom ne, da rasit ɗin haraji, da takardar haihuwa, da lasin, da jadawalin jirgin ƙasa, da rajistar makaranta. Talakan da bai taɓa ganin fuskar gwamna ba ya riƙe takardar da ta fito daga wannan gini sau ba adadi. In ana neman wurin da hukuma ta fi taɓa rayuwar mutane kai tsaye, ina ganin maɗaba'a ta fi fadar gwamnati.

A wasu ƙasashen aikin ya zarce harkar mulki. Muhammadu Ali Basha, mai mulkin Masar, ya kafa maɗaba'ar Bulaƙ a gefen Alƙahira a 1820, da nufin samar wa sojojinsa da makarantunsa littattafai. A 1828 ta fara buga Al-Waƙa'i'ul Misriyya, jaridar gwamnatin Masar. Kafin ƙarnin ya ƙare ta zama inda ake fitar da manyan littattafan Larabci da a da sai a rubutun hannu ake samunsu, har "bugun Bulaƙ" ya zama abin da malamai ke kafa hujja da shi. A can ne aka buga Mus'hafin Alƙahira na 1924, wanda tsarinsa ya bazu a duniyar Musulmi. Ma'aikatar ta koma unguwar Imbaba, a tsallaken kogin Nilu, a 1973. Wasu daga cikin tsofaffin injinanta yanzu sai mutum ya je ɗakin karatu na Iskandariyya zai gan su, a wani birni dabam, nesa da unguwar da ta ba su suna.

Kada kuma a ɗauka gadon tarihi yabo ne. Injin da ya buga dokar 'yanci shi ne ya buga ta zalunci, da tawada iri ɗaya. A Pretoria ta Afirka ta Kudu, jamhuriyar Turawan Boer da Paul Kruger ke shugabanta ta gina maɗaba'arta ta jan bulo a shekarun 1890. Turawan Ingila suka ci birnin a 1900, aka kafa Tarayyar Afirka ta Kudu a 1910, mulkin wariyar launin fata ya zo a 1948, dimokuraɗiyya ta zo a 1994, ma'aikatar ɗab'in gwamnati tana nan tana yi wa kowa aiki. A gazet ɗin gwamnati aka buga dokokin 1950 da suka rarraba mutane bisa launi suka kuma yanka wa kowane jinsi unguwarsa. Sanarwar 11 ga Fabrairu, 1966, da ta mayar da unguwar District Six a Cape Town ta farar fata zalla, wadda ta kai ga tashin mutane sama da 60,000, ta wannan hanya ta zama doka. Kundin tsarin mulkin 1996 ma ta nan ya bi. Wani zai ce gini mai irin wannan tarihi gara a share shi a huta. Ban yarda ba. Zaluncin gwamnati na zamani da takarda ake yinsa kafin a kai ga bindiga, kuma wuraren da za a nuna wa yaro wannan da idonsa ba su da yawa.

To bari mu shiga ciki, domin a nan ne maganar take. Ba a zana maɗaba'a daga waje zuwa ciki. Aikin ne ke yanka wa gini siffa. Ɗauki mai jera haruffa na zamanin hannu. Yana tsaye gaban faffaɗan akwatin katako da aka kasa gurbi-gurbi, kowane harafi da gurbinsa, waɗanda aka fi amfani da su gurbinsu ya fi girma kuma ya fi kusa da hannu. Hannunsa na hagu yana riƙe da 'yar mazubin ƙarfe, na dama yana tsinto haruffa ɗaya bayan ɗaya. Ba ya duba kowanne. Akwai 'yar tsaga a jikin harafin, yatsa ne ke jin ta ya san ya zauna daidai. Rubutun a juye yake karanta shi, ƙasa a sama. Idan layi ya kusa cika sai ya riƙa cusa siraran ƙarafa tsakanin kalmomi har layin ya matse tsam. Bayan an gama bugu kuma a wanke, a mayar da kowane harafi gurbinsa. In Larabci ake jerawa aikin ya ninka, tunda harafi ɗaya yana iya ɗaukar siffa har huɗu, gurabe su kai ɗaruruwa. Mutumin da ke wannan aiki daga safe zuwa yamma haske yake bukata, mai yawa kuma marar ƙyalli. Dogayen tagogin da ake yaba kyawunsu daga titi, domin idonsa aka yi su, shi ya sa ɗakin jera haruffa yakan kasance a bene na sama.

Injinan bugu kuwa ƙasa ake ajiye su, a kan tushe mai kauri, saboda nauyi da jijjiga. Ita kanta dalmar da ake zuba haruffa da ita, wadda ake gauraya da kuza da antimoni, nauyi gare ta na fitar hankali, ga shi maɗaba'ar gwamnati ba ta wargaza shafukan da za a sake bukata. Daftarin dokar da majalisa ke ta yi wa gyara, da fom ɗin da ake bugawa duk shekara, a jere ake ajiye su, tan bisa tan. Daga nan ginshiƙan ƙarfe suka samo asali, da benaye masu ɗaukar nauyin da gidan ofis ba zai taɓa bukata ba. Da injin Linotype ya zo, wanda Ottmar Mergenthaler ya ƙirƙira aka fara aiki da shi a 1886, sai aka ƙara wani nauyin: kowane ɗaya ya haura tan guda, da madannai 90, da tukunyar narkakkiyar dalma mai zafin kusan digiri 280 a gefen mai aiki, yana fitar da layi sukutum a zube maimakon harafi ɗaiɗai. Maɗaba'ar Washington ta karɓe shi a 1904. Sai aka bukaci bututun fitar da hayaƙi, da layin gas, da ɗakin sake narka dalma. A wurare da yawa daɓen ma na guntayen katako ne da aka kafa a tsaye, don ya shanye jijjiga, ya kuma sassauta wa ƙafar mai tsayuwa wuni guda. Masu duba kurakurai su kuma ɗaki mai shiru ake ware musu, biyu-biyu, ɗaya yana karantawa a bayyane har da waƙafi da aya, ɗaya yana bin shafin da alƙalami.

Duk wannan a jikin ginin yake a rubuce. Wanda ya san sana'ar zai bi takarda daga ƙofar da ta shigo fara har ƙofar da ta fita a ɗinke, ba tare da kowa ya yi masa jagora ba. A Washington rumbun takarda yana tsallaken titi, layin dogo yana kawo masa kaya, rami ta ƙarƙashin titi kuma ya haɗa shi da ɗakunan bugu. A Gatineau, tsallaken kogi daga Ottawa, Ernest Cormier, wanda ya zana Kotun Ƙolin Kanada, ya lulluɓe maɗaba'ar ƙasa da aka gina tsakanin 1949 da 1956 da bangon gilashi ninki biyu, saboda takarda ba ta son sauyin zafi da laima. Ba na cewa kwalliyar waje ba ta da nata labarin. A Brisbane ta Ostireliya, a saman ɓangaren maɗaba'ar da aka kammala a 1912 a titin George, akwai gumakan shaiɗanu biyu na dutse suna leƙen masu wucewa, tsokana ce ta 'yan sana'a, domin laƙabin da ake yi wa yaran maɗaba'a ke nan. Abin dariya ne mai daɗi, amma shaiɗanun ba za su gaya maka yadda ake buga rahoton majalisa cikin dare ɗaya ba.

Yadda gine-ginen suka zama kango ba ya bukatar dogon bayani. Bugun ofset, wanda ke aiki da shafaffen faranti maimakon haruffan ƙarfe, da jera rubutu ta hoto suka kashe dalma a shekarun 1960 da 1970, kwamfuta ta zo ta ƙarasa. Sabbin injina fili ɗaya shimfiɗaɗɗe suke so, a inda tirela za ta juya, abin da tsakiyar birni ba ta da shi. Gwamnatoci kuma suka shiga sayar da ma'aikatunsu. Jihar New South Wales ta Ostireliya ta rufe maɗaba'arta a 1989. Birtaniya ta sayar da harkar ɗab'in ofishinta na HMSO, wanda aka kafa tun 1786, a 1996. Ma'aikatan maɗaba'ar Amurka sun haura 8,000 a farkon shekarun 1970, yau ba su kai 2,000 ba. Faransa ta daina buga gazet ɗinta a takarda daga 1 ga Janairu, 2016.

Abin da ya biyo baya ya bambanta. A Vienna, ginin maɗaba'ar gwamnatin Ostiriya na titin Rennweg otal ne yanzu, an bar masa tsohuwar fuskarsa, bayanta kuwa sabon gini ne. A Sydney, ginin titin Harris da aka buɗe a 1959 ya zama ma'ajiyar manyan kwamfutocin intanet, domin benen da ya ɗauki dalma zai ɗauki komai. Wannan ya ceci ginin daga rusau, kuma akwai wata dacewa a ciki, tunda har yanzu bayanai ne ke shiga suna fita. Sai dai irin wannan wuri ba mai shiga sai ma'aikaci da katin izini.

Labarin Paris ya fi kowanne koyarwa, saboda a can ne gadon ya rabu biyu ƙiri-ƙiri. Maɗaba'ar ƙasar Faransa ta samo asali daga wadda Cardinal Richelieu ya kafa wa Sarki Louis na 13 a fadar Louvre a 1640. A farkon ƙarni na 20 aka gina mata ƙaton gida a titin Convention. A 2003, tana fama da asara, aka sayar da gidan ga kamfanin zuba jari na Carlyle a kan yuro miliyan 85. Kamfanin ya gyara shi ya mayar da shi ofisoshi. A 2007 gwamnatin ta dawo ta saye shi domin ma'aikatar harkokin waje, a kan sama da yuro miliyan 376 in an haɗa da haraji. Ko an cire kuɗin gyara, ratar ta isa ta tayar da ƙura, kuma ta tayar. Darasin farko a nan na lissafi ne kawai: hujjar cewa tsohuwar masana'anta kaya ce a wuyan gwamnati sau da yawa ba ta jure shekara biyar.

Amma abin da ya fi ginin daraja yana cikinsa ne a lokacin. Maɗaba'ar tana da taskar ƙananan sandunan ƙarfe sama da 200,000, kowanne an sassaƙa harafi a kansa da hannu, waɗanda da su ake buga mazubin da ake zuba haruffan dalma. A ciki akwai haruffan Girkanci da Claude Garamond ya sassaƙa wa Sarki François na Ɗaya a shekarun 1540, da na Larabci da jakada Savary de Brèves ya sa aka yi a farkon ƙarni na 17, da na rubuce-rubucen duniya iri-iri. Da aka tashi daga titin Convention a 2005, sai aka kwashe taskar da 'yan ma'aikatan da suka rage masu aikin hannu zuwa Ivry a gefen Paris, masana na ta koke, daga baya aka kai su kusa da Douai a arewacin ƙasar, inda maɗaba'ar ƙasar ke buga fasfo. Ba a yi asarar taskar ba, ginin ma yana tsaye lafiya lau. Amma jami'in diflomasiyyar da ke zaune a titin Convention ba ya ganin komai na ɗab'i, wanda kuma ya je kallon sandunan ba ya ganin ɗakin da suka yi aiki. Sana'ar sassaƙa su ma saura ƙiris ta yanke, domin an kai lokacin da Nelly Gable ce kaɗai ta rage tana yi a ma'aikatar, sai da aka samo mata ɗaliba.

Masana harkar sun daɗe da sanin wannan matsala. Yarjejeniyar Burra ta 1979, wadda masu kula da kayan tarihi na Ostireliya suka tsara, ta ce ana auna darajar wuri ta fuskar kyau, da tarihi, da ilimi, da matsayinsa a zukatan jama'a, kyau ɗaya ne kawai daga ciki. Ta birnin Nizhny Tagil na Rasha ta 2003, wadda ta keɓanta ga masana'antu, ta fito fili ta ce cire injina yana iya rage darajar wuri da sahihancinsa ƙwarai. Misalin da kowa ke nunawa shi ne gidan Plantin-Moretus a Antwerp ta Beljiyam, duk da cewa na iyali ne ba na gwamnati ba: birnin ya saye shi a 1876 da komai nasa, injina, haruffa, littattafan ciniki, ɗakin masu duba kurakurai, har UNESCO ta sa shi a jerin wuraren tarihi na duniya a 2005. Abin da ya bambanta shi shi ne kayansa suna nan a cikinsa har yau.

Sai dai gaskiya ita ce ba kowane birni ne zai yi Antwerp ba, kuma masu kishin tarihi suna cutar da hujjarsu idan suka ƙi jin wannan. Gidan Plantin ƙarami ne in aka kwatanta da maɗaba'ar gwamnati mai hawa bakwai. Shekara ɗari na dalma da sinadaran wanke tawada suna shiga daɓe da ƙasa, tsofaffin bututu suna naɗe da asbestos, abin hana zafi da ƙurarsa ke cutar da huhu, tsabtace su kuɗi ne na gaske. Gidan tarihin ɗab'i ba ya cika da baƙi, kuma injin da ba a kunnawa tsatsa ke cinye shi a hankali. Gini kuma in ba a amfani da shi, ruwan sama ya fi katafila saurin gamawa da shi. Saboda haka sauya masa aiki ba cin amana ba ne, shi ne ma hanyar da yawancinsu za su rayu. Ba kuma kowace maɗaba'a ce ta cancanci a yi yaƙi a kanta ba. Rumfar kwano da aka kafa a 1985 a unguwar masana'antu, a ɗauki hotonta a adana takardunta ya wadatar.

Tambayar ita ce wane irin sabon aiki, kuma me za a bari a inda yake. Aikin da ke son manyan zaure a buɗe, irin ɗakin karatu, ko ma'ajiyar takardun tarihi, ko sashen jami'a, ko wurin baje koli, yana barin ginin ya ci gaba da bayyana kansa. Aikin da ke yayyanka bene zuwa ƙananan ɗakuna, irin otal da gidajen haya, yana shafe shi ko da ba a taɓa bulo ɗaya a waje ba. Ba a bukatar ajiye injina hamsin. Layi ɗaya cikakke ya isa, daga akwatin haruffa zuwa injin zubi zuwa na bugu zuwa teburin ɗinki, a ɗakin da suke tun asali, kuma a riƙa kunna su. Littattafan karɓar aiki, da rajistar ma'aikata, da kwafin duk abin da aka buga, su ne suka fi komai saurin ɓata, domin ranar ƙaura su ne ake ɗauka shara. Tsofaffin ma'aikata kuwa su kaɗai suka san dalilin da ya sa aka huda wancan bango ko aka ɗaga wannan daɓe, kuma waɗanda suka yi aiki da dalma da hannunsu yanzu yawancinsu sun haura saba'in.

Inda aka fi yin asara shi ne 'yan watannin da ke tsakanin kashe injina da miƙa makulli, kuma dalilin na doka ne. A ƙasashe da yawa rajistar gine-ginen tarihi tana kare abin da ba ya motsi ne: bango, rufi, matakala. Injin kuwa a littafin gwamnati kadara ce da ta tsufa, tana ƙarƙashin ƙa'idar gwanjon kayan ofis, layi ɗaya da tsofaffin kujeru da motocin da suka mutu. Hukumar kayan tarihi tana can tana nazarin fuskar gini, ofishin kadarori yana nan yana auna ƙarfe a sikeli, kuma babu wanda ya karya doka a cikinsu. Abin da ya tsirar da taskar Paris shi ne an sa ta a rajistar kayan tarihi ita kanta tun 1946, ba a jingina ta ga ginin ba. Wannan ya hana a sayar da ita, amma bai hana a ɗauke ta ba. Sai a dokar 7 ga Yuli, 2016, Faransa ta ba hukuma ikon ɗaure kayan tarihi masu motsi ga ginin tarihin da suke da alaƙa da shi, ta yadda ba za a fitar da su ba sai da izini. A lokacin, shekara 11 ke nan da kwashe kayan titin Convention.